Tafiyata da Inna daga Sakkwato zuwa Agege: mun je ta sama, mun dawo ta ƙasa

Inna ba ta taɓa rantsuwa cewa ba za ta shiga jirgi ba, amma duk gidanmu an san ba a kawo mata maganar. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana cikin alhazan da suka taso daga Jidda ranar 11 ga Yulin 1991 za su sauka Sakkwato. Jirgin ya kama da wuta, ya faɗi kafin ya kai ga komawa filin da ya baro. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Shekarata shida a lokacin. Abin da na riƙe shi ne an sa mana kayan Sallah an kai mu tarye, muka yi ta zama cikin rana, daga baya muka dawo gida muka tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Tun ran nan ko rugugin jirgi Inna ta ji sai ta yi salati.

Sai ga autarmu ta haihu a Agege, haihuwar fari. Mijinta dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Aiki aka yi mata, likita ya hana ta doguwar tafiya, wankan gida bai yiwu ba ke nan. Dole uwa ta je. Saura kwana huɗu suna, ga gwiwoyin Inna ba sa son zaman mota. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na furta, ita kuwa ta katse ni: "In kwana ya ƙare ko bisa gado mutum shina tahiya. Tai ka sawo tikitin." Na sayo, Sakkwato zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, kuɗin mu biyu ya haura naira dubu ɗari huɗu. Ban gaya mata adadin ba.

Mun bar Mabera bayan sallar asuba a motar maƙwabcinmu. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya sauko har fitilun motoci sun koma kamar aci-bal-bal. A filin jirgin sama na Sultan Abubakar III masu bincike suka bar mata curin furarta da kilishin da za ta kai wa mai jego, amma suka riƙe gorar nono. Wannan ya fi komai ɓata mata rai a safiyar. Jirgin da aka ce ƙarfe goma bai ma taso daga Abuja ba har azahar.

A zaman jiran nan ne na haɗu da dattijon da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Mutumin Gwadabawa ne, farar riga, carbi a hannu, za shi Abuja bin haƙƙinsa na fansho. Ya ji wasu matasa suna ta zagin kamfanin jirgi, sai ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, wanga jinkiri ba mugunta ba ce. Akwai nisan da dole matuƙi shi iya hange kahin a bar shi shi sabka. Yau bai kai ba." Na tambaye shi ko matuƙi ne. Ya ce a'a, shi ne wanda matuƙi ke jin muryarsa. Fiye da shekara talatin ya yi yana ba jirage hanya, a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa tun 1964, ya yi aiki a Kano da Legas da Maiduguri. Ya nuna mini hasumiya ta taga. Ya ce masu zama can sama idonsu na kan titin jirgi da abin da ke kusa, akwai kuma waɗansu a ɗaki mai duhu gaban allon rada, su ba sa ganin jirgi ko ɗaya, ɗigo kawai suke gani da lamba, kowane ɗigo kuwa mutum ɗari ne ko fiye.

Wajen la'asar hazon ya ɗan ɗaga, jirgi ya zo, muka shiga. Allah ya sa kujerar dattijon na jere da tamu. Inna ta ƙi taga, ta zauna tsakiya ta rufe ido tana jan carbi. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba kuma ba abin faɗa a cikinta, sai da muka zo sauka.

Na ji ƙarar fitowar tayoyi. Duwatsun Abuja sun bayyana, gonaki, rufin kwano, har ina iya rarrabe mutum a kan babur. Na ce wa Inna, "Mun iso, Inna." Ban rufe baki ba injuna suka yi wata irin kururuwa, hancin jirgin ya ɗaga, wani nauyi ya danna ni cikin kujera kamar an aza mini buhun gero a ƙirji. Ƙasar da ta matso sai ta fara gudu tana nisa. Wata mata a baya ta ƙwalla ihu, wani ya ɗaga murya da kalmar shahada, jariri ya tsanyare da kuka. Inna ba ta yi ihu ba. Ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta kira sunan ƙanwarta sau ɗaya, a hankali. Wannan kiran har yau yana kunnena.

Dattijon ko gezau. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wanga ba hatsari ba ne, hatsarin anka kauce ma." Minti biyu ko uku ba wanda ya ce mana komai, kuma a wurina su ne mafi tsawo a duk tafiyar. Daga baya ya bayyana mini cewa a irin wannan lokaci hannun matuƙi da bakinsa duk a cike suke, tuƙi ne farko, sai magana da hasumiya, fasinja ne na ƙarshe. Can matuƙin ya yi magana da Turanci, ya ce jirgin da ke gabanmu bai gama fita daga titi ba, hasumiya ta umarce shi ya sake hawa ya kewayo. Muka yi da'ira, bayan kamar minti goma sha biyar muka sauka lami lafiya. Wasu suka tafa. Ni ƙafafuna rawa suke yi har cikin zaure.

Jirginmu na Legas ya riga ya tafi saboda jinkirin Sakkwato, aka mayar da mu na dare. Dattijon ya ce ba ya sauri, ɗansa sai bayan isha zai zo ɗaukarsa. Na sayo mana ruwa da shayi a farashin da zai ciyar da mutum uku a bakin Kasuwar Daji, Inna ta dama furarta da ruwa zalla, muka zauna.

Na ce masa, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Mun kusa mutuwa?" Ya ce a'a. Filin Abuja titi ɗaya gare shi tak, a kansa ake sauka a kansa ake tashi, shi ya sa da aka rufe shi don gyara a 2017 sai da aka karkatar da jirage Kaduna har mako shida. Da yamma jirage kan yi jerin gwano, mai hasumiya yana saƙa mai tashi tsakanin masu sauka biyu, tazarar kuwa da daƙiƙa ake auna ta. In na gaba ya yi nawa kaɗan, lissafi ya rushe, sai a ce wa na baya ya hau. Ya ce ranar da ya kamata mutum ya ji tsoro ita ce ranar da lissafi ya rushe kuma ba wanda ya lura.

Irin wannan ranar ya ba ni labari. Ranar 7 ga Nuwamban 1996 jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal za shi Legas da mutum 144, cikinsu har da Farfesa Claude Ake, masanin kimiyyar siyasa. Yana saukowa, wani jirgin kuma ya baro Legas yana hawa, suka doshi juna a tsayin ƙafa 16,000. Na'urar gargaɗin karo da ke cikin jirgin ta yi ƙara, matuƙin ya karkata don ya kauce, karkatar ta yi yawa, jirgin ya ƙwace masa ya nutse a ruwan Ejirin, wajen Epe. Jiragen ba su taɓa juna ba, amma ba wanda ya tsira. Masu bincike suka ɗora musabbabin farko a kan mai rada da bai raba su yadda ya kamata ba. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce duk wanda ya yi wannan aiki a ƙasar nan ya san ranar, kuma ya san zai iya zama shi ne a kujerar.

Ya ce a sama ƙa'ida ƙafa dubu ce tsakanin jirgi da jirgi, na gabas da tsayinsa, na yamma da nasa. Amma abin da ya fi kashe mutane a wannan sana'a kalma ce. A 1977 a tsibirin Tenerife na Sifen, cikin hazo, manyan jirage biyu ƙirar 747 suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka mutu, domin matuƙi ɗaya ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba, saƙon da zai tsayar da shi kuma ya haɗu da wani saƙon a rediyo suka shaƙe juna. Tun daga nan aka hana furta kalmar tashi a rediyo sai a lokacin ba da izinin kansa ko soke shi, kuma umarni mai muhimmanci dole matuƙi ya maimaita shi mai hasumiya ya ji da kunnensa. A 2002 kuma a kudancin Jamus jirgin Rasha mai ɗauke da yara 'yan makaranta ya yi karo da jirgin kaya, mutum 71. Mai rada ɗaya ne a bakin aiki a daren, ya ce wa matuƙin Rasha ya sauko, na'urar jirgin tana ce masa ya hau, ya bi muryar mutum. Yanzu doka ta fito fili: in na'ura da mutum sun saɓa, na'ura ake bi. Kada kuma in ɗauka matsalar talaka ce. A Amurka, a garin Austin, cikin Fabrairun 2023, mai hasumiya ya ba jirgin fasinja izinin tashi a titin da jirgin kaya na FedEx ke gab da sauka, hazo ya hana shi ganin ko ɗaya. Matuƙan jirgin kayan ne suka hango inuwar ɗayan suka ɗaga, tazarar ba ta kai ƙafa 200 ba.

Duk wannan Inna tana ji, ba ta sa baki ba. Sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Alhaji, jirgin Jidda hwa? Na alhazzan Sakkwato. Shi ma mai magana ne yai kuskure?"

Ya gane nan take. Ya yi mata ta'aziyya kamar jiya abin ya faru, sannan ya faɗa mata abin da bincike ya nuna, bai ɓoye ba bai ƙara ba. Tayoyin jirgin ne ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen gudun tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutar a jikinsu. An kuma samu ruɗani a rediyo: matuƙin ya kira kansa da sunan kamfanin Kanada mai jirgin maimakon sunan Najeriya da yake tafiya da shi, mai rada ya ɗauka da wani jirgin Saudiyya yake magana, aka yi kusan minti uku a haka. Amma masu bincike sun ce ko ba ruɗanin wutar ta riga ta ci ƙarfin jirgin. Inna ta gyaɗa kai. Shekara talatin da wani abu, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata yadda ƙanwarta ta rasu. An ce mata ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, amma ita ƙaddara ta hanyar taya ta zo, tayar da wani ya san ba ta cika ba aka ce a tafi a haka. Ina ganin haƙƙinta ne ta sani, kuma na ji kunyar cewa ni ɗanta mai karatu ban taɓa nemo mata ba.

Mu mutanen Sakkwato ba baƙin wannan baƙin ciki ba ne. A bayan wannan filin da muke zaune, a Tungar Madaki, jirgin da ya taso za shi Sakkwato ya faɗi ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, cikin iskar hadari. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Ina jami'a a lokacin, na ga yadda gari ya yi tsit. Mun yi kuka, mun yi addu'a, amma kaɗan ne cikinmu suka tambayi wa ke kula da sararin da manyanmu da alhazanmu ke bi, awa nawa yake yi a zaune, rediyonsa na aiki ko ba ya yi. Dattijon ya tuna mini cewa a 2021 wani mai aikin rada ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a nan Abuja, ya rasu, ƙungiyarsu kuma ta daɗe tana kukan ƙarancin ma'aikata. Inna ta ce, "Su ko suna samun barci?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wanga ita ce tambayar."

Ɗansa ya zo muka yi sallama. Jirgin Legas ya tashi wajen tara na dare, ya sauka ba wata matsala. Da muka sauko ƙasa-ƙasa na ga fitilun gari sun yanke, wani baƙin fili ya shimfiɗu, ruwa ne. Na tuna mutum 144, na yi musu addu'a.

Agege ta karɓe mu hannu biyu. Unguwar da suke kamar ka ɗauko wani yanki na Arewa ka dasa, masallaci a kowane lungu, mai shayi, mai tsire, Hausa ko'ina, sai dai zafi mai ɗanko da ya sa muka yi kewar sanyin gida. An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Inna Ƙarama. Na kwana biyar a shagon surukinmu, na saba da burodin Agege da wake, na leƙa Mile 12 na ga buhunan albasar Goronyo da Aliero ana sauke su daga tirela. Na dawo Sakkwato ni kaɗai saboda aiki, bayan arba'in na koma ɗauko Inna.

A nan ta ce ita ta ƙasa za ta koma. Ba gardama na yi ba. Kuɗin mu biyu a bas bai kai rabin tikitin mutum ɗaya ba. Mun tashi da hantsi, Ibadan ba laifi, amma tsakanin Oyo da Ogbomosho tireloli da tankoki suka riƙe mu awa uku. Ilori da magariba, muka haye gadar Jebba cikin duhu, direba ya ce ba zai wuce Mokwa da dare ba saboda halin da hanya ke ciki. Na samo wa Inna ɗaki a wani masauki kusa da tasha, naira dubu takwas, fanka ba wuta, ni na kwana a barandar masallaci da sauran fasinjoji. Tuwon shinkafa da miyar kuka muka ci, shi ne abinci na farko da ta yaba tun barinmu gida. Shingaye kuwa na ƙirga har ashirin da wani abu na daina. A wasu a leƙo a ce a sauka lafiya, a wasu direba ya miƙa hannu ta taga a dunƙule, a ɗaya aka sauke mu duka aka zazzage kaya har da turamen zannuwan da aka ba Inna.

Kwantagora da hantsi, Yawuri da azahar, inda ta sa na sayo busasshen kifi na dubu biyar. Bayan Koko ne abin ya faru. Ƙura ta taso, ba a ganin nesa, direbanmu ya fita zai wuce wata tirela mai ɗauke da shanu a kan wata 'yar kwana. Muna tsakiyar wucewa sai ga tanka ta ɓullo a gabanmu, fitilu a kunne, ƙaho na tsaga kunne. Direba ya watsa mu gefen hanya, tayoyi biyu a kan tsakuwa, motar ta yi tangal-tangal kamar za ta kife, tankar ta wuce har iskarta ta girgiza gilasai. Tazararmu da ita ba ta kai kamu ɗaya ba. Aka yi ta salati, wani ya zagi direba, direba ya ce ai ya gan ta, ya hau titi ya ci gaba. Ba wanda ya rubuta, ba wanda zai bincika, kuma kafin Jega ya sake yin irin wannan wucewar sau biyu.

Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai da muka wuce Tambuwal ta juyo ta ce, "Nan wa ka yi musu magana?" Na ce babu kowa, Inna, kowa da idonsa. Ta ce, "Uhm."

Dogon Daji, Shagari, Boɗinga. Rana ta yi ja muna dosar gari, gwiwoyinta sun kumbura har ta cire takalmi. Daidai mahaɗar filin jirgi sai ga rugugi a samanmu, jirgin yamma ne yake saukowa, tayoyi a waje, fitila na walƙiya. Na saba ganin ta sunkuyar da kai in ta ji wannan ƙara. Wannan karon ta manna fuska da gilashi tana bin sa da ido har ya ɓace bayan itatuwa, ta jira, ba ta ji ya sake hawa ba. Ta ce in nuna mata inda mai maganar yake zama. Na nuna mata wajen, ko da yake ƙura ta rufe shi. Ta ɗaga hannu ta shafa, sannan ta ce in kira gida a ɗora mata ruwan zafi, kuma a aiko yaro tasha da baro saboda kifin.